Kwana Saba'in: Faɗuwar Singafo da Tsamin Dangantakar Ostireliya da Birtaniya

Da misalin ƙarfe goma da rabi na daren 8 ga Fabrairun 1942, sojojin Ostireliya da ke kwance cikin taɓo a gaɓar arewa maso yammacin tsibirin Singafo suka fara jin ƙugin injinan kwale-kwale. Wuni guda igwar Jafanawa ta yi tana yi musu luguden wuta, har ta tsittsinke wayoyin tarho da suka haɗa su da hedikwata da masu igwarsu. Akwai manyan fitilu da aka girka don haska ruwa, amma an ce kada a kunna sai da umarni, umarnin kuwa babu wayar da za ta kawo shi. Bataliya uku kacal ta Birged ta 22, ƙarƙashin Birgediya Harold Taylor, aka baza a gaɓar da tsawonta ya haura kilomita 12, wuri mai rafuka da surƙuƙin itatuwa, inda wannan gungu ba ya hango na kusa da shi. Waɗanda suka haye musu a daren nan kuwa rundunoni biyu ne na Jafan, ta 5 da ta 18. Masu bindiga mai jigida sun nutsar da wasu kwale-kwalen farko, na baya suka yi ta lalube har suka sami giɓi, suka ɓullo musu ta baya. Kafin gari ya waye, Jafanawa sun kafa ƙafa a tsibirin.

Mako guda bayan haka, ranar 15 ga Fabrairu, Laftanar Janar Arthur Percival, kwamandan sojojin Birtaniya a Malaya da Singafo, ya taka zuwa masana'antar motocin Ford da ke Bukit Timah, hafsoshinsa na riƙe da tutar Birtaniya da farar tuta, ya sa hannu a gaban Janar Tomoyuki Yamashita, kwamandan Jafanawa. Sojoji kimanin 80,000 suka zama fursunoni a rana ɗaya: Indiyawa, Turawan Birtaniya, 'yan Malaya, da 'yan Ostireliya kusan 15,000. Wasu 'yan Ostireliyan kusan 1,800 sun riga sun kwanta dama a faɗan Malaya da na tsibirin. Ga Ostireliya, ƙasar da mutanenta a lokacin kimanin miliyan 7 ne, wannan ba ƙaramin miki ba ne. Abin da ya ƙara wa mikin gishiri shi ne mayaƙan da Yamashita ya haye da su ba su kai rabin waɗanda suka miƙa masa wuya ba, kuma albarusan igwarsa sun kusa ƙarewa.

A Ostireliya an daɗe ana ba da labarin a taƙaice: Ingila ta ci amanarmu. A Ingila ma akwai masu nasu taƙaitaccen labarin: 'yan Ostireliya ne suka zubar da makamai suka gudu. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa. A ganina tushen maganar alƙawari ne da aka ƙulla shekara 20 kafin yaƙin, wanda mai yin sa ya san da wuya ya iya cikawa, wanda aka yi wa kuma ya ƙi bincika don yana tsoron abin da zai gano.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aljihun Birtaniya ya huje. Ba ta da kuɗin riƙe rundunar jiragen ruwa biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Gabas Mai Nisa. Ƙawancen da ke tsakaninta da Jafan tun 1902 ya mutu bayan taron Washinton na 1921 zuwa 1922, wanda kuma ya ƙayyade yawan manyan jiragen yaƙin da kowace ƙasa za ta mallaka. Sai aka fito da dabara: a gina katafaren sansanin jiragen ruwa a Singafo, jiragen su zauna a Turai, in Jafan ta motsa a turo su. Aikin sojan da ke wurin shi ne su riƙe sansanin har jiragen su iso. Ginin ma da ƙyar ya tafi. Gwamnatin Leba ta Birtaniya ta dakatar da shi a 1924, aka farfaɗo da shi, aka sake jan ƙafa bayan 1929, sai a Fabrairun 1938 aka buɗe babbar ma'ajiyar gyaran jirage a Sembawang. An gina barga mai kyau, dawakin suna wata duniya.

Raunin dabarar a fili yake, kuma akwai waɗanda suka faɗa. Tun 1926 wani hafsan sojan Ostireliya, Henry Wynter, ya yi bayanin cewa Jafan ba za ta kawo hari ba sai lokacin da Birtaniya ta shiga yaƙi a Turai, wato daidai lokacin da ba za ta iya sakin jiragenta ba. John Curtin, yana jagoran 'yan adawa, ya tsaya a majalisa a 1936 ya ce dogaro da shugabannin Birtaniya su kawo ɗauki kasada ce da ta yi girman da ba za a ɗora tsaron ƙasa a kanta ba. A zaɓen 1937 ya nemi a zuba kuɗi a sojan sama na gida, ya sha kaye a hannun Joseph Lyons. Me ya sa gwamnatocin Ostireliya suka toshe kunne? Araha. Ƙasar ta rasa mutum kimanin 60,000 a yaƙin farko, sannan karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta durƙusar da ita. Yarda da Singafo na nufin ba sai an tara babbar runduna a gida ba, ba sai an ƙara haraji ba. Ga kuma zuciya: yawancin 'yan Ostireliya na wancan zamani Turawan Birtaniya suke ɗaukar kansu, waɗanda ƙaddara ta ajiye a kudancin duniya. Ƙasar ba ta ma da ofishin jakadanci nata a Washinton ko Tokiyo sai 1940; yawancin abin da ta sani game da duniya ta Landan yake biyowa. Duk lokacin da ministocinta suka tambaya, sai a ba su tabbaci mai ɗauke da sharuɗɗa, su kuma su ji tabbacin su manta da sharuɗɗan.

Shi ya sa a Satumban 1939, da Firaminista Robert Menzies ya sanar cewa tunda Birtaniya ta shiga yaƙi Ostireliya ma ta shiga, ba a jima ba aka kwashi zaratan sojojin ƙasar aka yi nisa da su. Runduna ta 6, ta 7 da ta 9 suka tafi Gabas ta Tsakiya, suka yi faɗa a Libiya, Girka, Kirit da Siriya. Dubban samari suka shiga shirin horar da matuƙan jiragen sama na daular Birtaniya, aka tura mafi yawansu Turai. Runduna ta 8 ce aka bari don maƙwabta, ita ma aka yayyanka ta: birged biyu zuwa Malaya a 1941, ta ukun aka rarraba bataliyoyinta a Rabaul, Ambon da Timor, kowace ita kaɗai a tsibirinta babu mai kawo mata ɗauki. Wannan rabon ba Landan ce ta yi shi ba, hafsoshin Ostireliya ne da kansu, kuma duka ukun Jafanawa sun haɗiye su a Janairu da Fabrairun 1942.

A gefen Birtaniya, alƙawarin yana ta zagwanyewa. Da can an ce sansanin ya riƙe kwana 70 jirage za su iso. A 1939 aka mai da shi 90, sannan 180. Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, Italiya ta shiga yaƙi, sai ya zama jiragen Birtaniya su kaɗai za su tsare Tekun Atilantika da Bahar Rum. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Landan ta faɗa wa Kanbera, babban birnin Ostireliya, a lokacin cewa babu jiragen turawa, sai dai a sa rai da Amurka. Amma wata biyu bayan haka Winston Churchill ya aiko da wata magana mai sanyaya zuciya: in Jafan ta auka wa Ostireliya ko Niyu Zilan da babbar mamaya, Birtaniya za ta haƙura da Bahar Rum ta zo ceto. A lura da sharaɗin. Ya ce mamayar Ostireliya, bai ce harin Malaya ba, kuma shi ne zai yanke hukuncin wace mamaya ce babba.

Da babu jiragen ruwa, sai aka ce jiragen sama za su tsare Malaya. Manyan hafsoshin Landan suka ƙiyasta ana buƙatar jirage 336 na zamani. Kwamandojin da ke wurin suka ce hakan bai isa ba. Ranar da yaƙi ya ɓarke, 158 ne a ƙasa, ciki har da Brewster Buffalo da matuƙan Ostireliya suke tuƙawa, wanda jiragen Jafan suka fi shi sauri da iya juyi, da wasu tsofaffin masu fukafukai hawa biyu. Tankar yaƙi ko ɗaya babu, alhali Yamashita ya zo da kusan 200. A shekarar 1941 ɗin nan Birtaniya ta aika ɗaruruwan jirage da tankoki zuwa Masar da Rasha. Ba sakaci ba ne, zaɓi ne: Churchill ya sa tsaron Ingila a gaba, sai Gabas ta Tsakiya, sai taimakon Rasha, Malaya tana can ƙarshen layi, kuma ya yi imanin Jafan ba za ta yi gangancin tsokanar Amurka ba. Wanda ya kalli taswirar daga Landan zai iya cewa yana da hujja. Laifinsa shi ne bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa Kanbera gaskiyar matsayinta a layin ba. Jafan kuwa ta sani sarai: a Nuwamban 1940 wani jirgin farmakin Jamus ya kama jirgin dakon kaya mai suna Automedon, aka sami kwafin rahoton sirri na hafsoshin Birtaniya da ke bayyana raunin Gabas Mai Nisa, aka miƙa wa Tokiyo.

Sai kuma raini. Hafsoshi da dama a Singafo sun ɗauka sojan Jafan ba ya gani da dare, bai iya tuƙa jirgi ba, wai tunda ya kasa gamawa da Sin a shekara huɗu ba zai iya da Bature ba. Ba su lissafa cewa shekarun nan huɗu horo ne na gaske ba, abin da yawancin nasu sojojin ba su da shi. Bataliyoyin Indiya da yawa yara ne sababbin ɗauka, an kwashe gogaggun hafsoshinsu zuwa wasu fagagen.

Manyan jiragen ruwan yaƙi biyu ne suka iso daga ƙarshe, Prince of Wales da Repulse, ranar 2 ga Disamban 1941, babu jirgi mai ɗaukar jiragen sama tare da su. Ranar 8 ga wata Jafanawa suka sauka a Kota Bharu da kudancin Tailan. Akwai shirin riga su isa waɗannan gaɓoɓi na Tailan, amma aka yi ta jinkiri har lokaci ya ƙure. Ranar 10 ga wata jiragen saman Jafan suka nutsar da jiragen biyu a gaɓar Kuantan, mutum kimanin 840 suka mutu har da Admiral Tom Phillips. Alƙawarin shekara 20 ya nutse cikin 'yan sa'o'i. Daga nan sai ja da baya: Jitra, Penang inda aka kwashe Turawa aka bar sauran jama'a, Kogin Slim, Kwala Lamfur. Salon Jafanawa ɗaya ne kullum: su dafe gaba, su zagaya ta daji ko ta teku, su tare hanya a baya. Rundunar da ta dogara da manyan motoci, da zarar an toshe mata titi sai ta rikice. Su kuwa a kan kekuna suke tafe, in taya ta fashe su ci gaba a kan ƙarfe, har ƙarar ta sa wasu su zaci tankoki ne.

'Yan Ostireliya na ƙasa ba su shiga faɗa ba sai tsakiyar Janairu, a Johor, yankin kudancin Malaya da ke kallon Singafo. Ranar 14 ga wata, wani kamfani na Bataliya ta 2/30 ya yi kwanton ɓauna a gadar Gemencheh kusa da Gemas. Suka bar ɗaruruwan masu kekuna suka wuce, suna hira bindigoginsu ɗaure a jikin keke, sai da gadar ta cika aka tashe ta da nakiya, aka buɗe wuta. An yi wa Jafanawa ɓarna sosai, amma waɗanda suka riga suka wuce sun ga wayar tarhon da ta tafi wajen masu igwa sun datse ta, don haka igwar ba ta yi aikinta ba, kuma cikin 'yan sa'o'i aka gyara gadar. A ɓangaren yamma kuwa, Manjo Janar Gordon Bennett, kwamandan Runduna ta 8, ya shimfiɗa ɗanyar Birged ta 45 ta Indiya a bakin Kogin Muar a faɗin da ya fi ƙarfinta. Dakarun tsaron Sarkin Jafan suka farfasa ta. Bataliya biyu ta Ostireliya da aka tura ceto su ma aka yi musu ƙawanya a Bakri. Laftanar Kanar Charles Anderson ya ja ragowar, suna fasa shinge bayan shinge na kwanaki, har suka iso gadar Parit Sulong suka tarar tana hannun abokan gaba. Ya ba da umarni duk mai iya tafiya ya shiga daji. Raunanan da aka bari, kimanin 150, 'yan Ostireliya da Indiyawa, Jafanawa suka ɗaure su, suka harbe su, suka zuba fetur suka cinna wuta. Anderson ya sami lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. Ranar 31 ga Janairu, bayan sojojin Birtaniya sun gama janyewa, suka fasa gadar da ta haɗa Johor da tsibirin Singafo.

A nan ne wani abin kunya ya fito fili. Wurin da aka shekara ana kira ganuwar da ba ta fasuwa, gaɓarsa ta arewa babu ramuka, babu shingen waya, babu nakiyoyi. Babban injiniyan soja, Birgediya Ivan Simson, ya roƙi Percival tun ƙarshen Disamba a fara ginin kariya, Percival ya ƙi, yana cewa hakan zai karya wa soja da farar hula gwiwa. Churchill da kansa sai tsakiyar Janairu ya ji labarin daga Janar Archibald Wavell, babban kwamandan yankin baki ɗaya, ya ce bai taɓa kawo wa ransa ba, kamar a ce an ƙera jirgin yaƙi babu gindi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar da aka saba ji cewa manyan igwogin Singafo teku kawai suke kallo ba daidai ba ce. Yawancinsu suna juyawa, kuma sun harba ta tudu. Matsalar ita ce harsasansu na huda ƙarfen jirgi ne, in sun faɗa taɓo sai su nutse ba su yi wa sojan ƙasa wata illa ba. Shi kansa sansanin a gaɓar arewa yake, yana kallon Johor, don haka ranar da Johor ta faɗi ya tashi daga aiki, aka shiga lalata shi kafin a fara faɗan tsibirin.

Percival ya yi kuskure biyu da suka faɗa kan 'yan Ostireliya kai tsaye. Ya ce sai an tsare gaɓa duka, abin da ya bar shi babu wata rundunar ajiya mai ƙarfi. Sannan ya ƙudurta cewa ta arewa maso gabas za a zo, ya ajiye sabuwar Runduna ta 18 ta Birtaniya a can, duk da Wavell ya nuna masa yamma, inda mashigin ya fi ƙunci. Yamashita kuwa yana hasumiyar fadar Sarkin Johor yana kallon komai.

Amma kada a wanke Ostireliya tas. Bennett jarumi ne tun yaƙin farko, sai dai mutum ne mai faɗa da kowa: da Percival, da hafsoshin Indiya, da nasa birgediyoyin, musamman Taylor. A daren harin bai gaggauta tura ɗauki ba. Birged ta 27 ta janye daga Kranji a lokacin da ta riga ta yi wa masu hayewa mummunar ɓarna, ta buɗe musu hanyar gada. An saki layin Jurong, wato layin kariya na biyu a cikin tsibirin, saboda an yi wa wani umarni gurguwar fahimta. Kanbera ma ta turo sojojin cike gurbi kusan 1,900 a ƙarshen Janairu, wasunsu ko harbi ba su gama koya ba. A kwanakin ƙarshe an ga sojojin da suka rabu da rundunoninsu suna gararamba a bakin tashar jiragen ruwa, kuma akwai 'yan Ostireliya a cikinsu. Da Bukit Timah ta faɗi, rumbunan abinci da madatsun ruwa suka koma hannun Jafanawa, ga mutum kusan miliyan ɗaya cunkushe a birni, magana ta ƙare. Daga 8 ga Disamba zuwa 15 ga Fabrairu kwana 70 ne cif, adadin da aka taɓa cewa jiragen ceto za su iso a cikinsa. A daren miƙa wuya Bennett ya damƙa rundunarsa ga wani, ya sulale ta kwale-kwale zuwa Sumatara, ya isa gida yana cewa ya kawo sirrin yadda ake yaƙar Jafan. Binciken da aka yi a 1945 ya ce ba shi da hurumin tafiya, kuma bai sake jagorantar soja a fagen daga ba.

Ana wannan a daji, wani faɗan yana gudana ta waya tsakanin Kanbera da Landan. Curtin ya hau mulki ranar 7 ga Oktoban 1941, ya gaji zuciyar da ta riga ta sosu kan asarar Girka da Kirit da rigimar janye sojojin Ostireliya daga Tobruk. Da Jafan ta kawo hari, gwamnatinsa ta ayyana yaƙi da kanta, ba ta ce na Birtaniya ya wadatar ba. Wakilinta a Singafo, Vivian Bowden, yana ta aiko da gargaɗin cewa ɗaukin da ake turowa na ganin ido ne. Ranar 27 ga Disamba jaridar Herald ta Melbon ta buga saƙon Curtin inda ya ce Ostireliya ta sa ido ga Amurka, ba tare da wani ɗar-ɗar ba game da tsohuwar alaƙa da zumuncinta da Birtaniya. Churchill yana Washinton a lokacin, ransa ya ɓaci ƙwarai. A can ɗin kuwa shi da Shugaba Roosevelt na Amurka suna jaddada shawarar da ta fi komai shafar Ostireliya, wato a gama da Jamus tukuna, kuma babu ɗan Ostireliya ko ɗaya a teburin.

A Janairu Churchill ya fara tunanin ko a haƙura da Singafo a karkata ɗauki zuwa Bama. Wakilin Ostireliya a Landan, Earle Page, ya ga takardar ya sanar da gida. Amsar da ta fito daga Kanbera ranar 23 ga wata ta ce bayan duk tabbacin da aka ba su, janyewa daga Singafo zai zama cin amanar da ba shi da uzuri. Ministan harkokin waje H. V. Evatt ne ake danganta wa kalmomin. Nan abin ya zama mai ɗaure kai. Ragowar Runduna ta 18 ta Birtaniya ta ci gaba da tafiya Singafo, ta sauka kwanaki kaɗan kafin miƙa wuya, kusan daga jirgi sai sansanin fursuna. Masana tarihi na jayayya kan ko saƙon ne ya jawo haka, amma ko ba komai ya nuna Kanbera ma, har a wannan mataki, ba ta yarda wurin ya riga ya tafi ba.

Babban karon ya zo bayan faɗuwar. Runduna ta 6 da ta 7 suna kan teku daga Gabas ta Tsakiya, da nufin zuwa Jaba da Sumatara. Da ya tabbata can ma ba za ta riƙu ba, babban hafsan sojan Ostireliya, Vernon Sturdee, ya ce a dawo da su gida, har ya yi barazanar ajiye aiki. Ranar 19 ga Fabrairu jiragen Jafan suka yi wa garin Darwin da ke arewacin Ostireliya ruwan bama-bamai, mutum fiye da 230 suka mutu. Churchill kuwa Rangun, babban birnin Bama a lokacin, yake so a kai Runduna ta 7, don ceton Bama da hanyar kai wa Sin makamai. Roosevelt ya sa baki yana goyon bayansa. Menzies da sauran 'yan adawa a majalisar shawara ta yaƙi suka ce a yarda, wakilan Ostireliya a Landan ma suka karkata can. Curtin ya ce a'a. Sai ga shi Churchill ya riga ya ba da umarni tun ranar 20 ga wata a juya jiragen su nufi arewa, bai faɗa ba sai bayan kwana biyu, yana cewa bai zaci za a ƙi ba. Curtin ya mayar da martani mai zafi, ya ce an mai da amincewar gwamnatinsa abin cika ƙa'ida kawai, ya nemi a juyo da su nan take. Churchill ya sauko. Makonnin da jiragen suka yi suna ratsa Tekun Indiya da ƙarancin rakiya, Curtin bai iya barci ba, ana ganinsa da tsakar dare yana zagaye a harabar gidan Firaminista.

A nan ina ganin Curtin ne da gaskiya, ko da an ajiye batun 'yanci gefe. An yi wa jiragen lodi ne na tafiya, sojoji a wannan jirgi, igwa da motocinsu a wancan can baya. Rangun ta faɗi ranar 8 ga Maris. Kimanin 'yan Ostireliya 3,000 da aka riga aka sauke a Jaba duk fursuna suka zama, kuma abin da zai sami Runduna ta 7 ke nan. A maimakon haka ita ce ta yi faɗan Kokoda da Milne Bay a Niyu Gini cikin watannin da suka biyo. Gaskiya ne Jafan ta yanke shawara a Maris cewa ba za ta mamaye Ostireliya ba, don sojan ƙasanta ya ce ba shi da mutane da jiragen yin haka, amma Curtin ba shi da hanyar sanin wannan a Fabrairu. Kuma bai rufe ƙofa duka ba: ya bar birged biyu a Silon (Sri Lanka ta yau) na 'yan watanni, ya bar Runduna ta 9 a Masar har ta yi faɗan El Alamein, ta dawo a farkon 1943.

Waɗanda aka kama su suka biya bashin. Cikin 'yan Ostireliya kimanin 22,000 da suka faɗa hannun Jafan a yaƙin, kusan 8,000 ba su dawo ba. Wasu sun mutu a aikin layin dogo na Bama da Tailan. A Sandakan ta Borniyo, cikin fursunoni kimanin 2,400 na Ostireliya da Birtaniya, shida ne suka tsira, su ma gudu suka yi. A tsibirin Bangka an kora ma'aikatan jinya mata 22 cikin teku aka buɗe musu wuta, Vivian Bullwinkel kaɗai ta rayu. Bowden ma a Bangka aka kashe shi. Mutanen Singafo 'yan asalin Sin kuwa, dubbai aka tattara aka kashe a makonnin farko na mamaya. Girgizar ta iso har ƙasarmu: da kuzar Malaya ta kuɓuce wa Birtaniya, sai ta juyo kan ta Jos, aka shiga ɗiban talakawan Arewa aikin tilas a mahaƙa daga 1942 zuwa 1944. Bama ɗin nan da Curtin ya hana sojojinsa zuwa, can aka kai kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma babu gwamnatin da aka nemi izininta a madadinsu.

Dangantakar ba ta tsinke a 1942 ba, kamar yadda wasu ke zuzutawa. Janar Douglas MacArthur na Amurka ya sauka Ostireliya ranar 17 ga Maris, aka damƙa masa jagorancin sojojin ƙasar, amma bai ɓoye wa Curtin ba cewa Amurka sansanin yaƙi take gani a wurin, ba dangi ba. A Oktoba majalisa ta amince da Dokar Westminster, wadda Landan ta zartar tun 1931 don bai wa irin waɗannan ƙasashe cikakken ikon yin dokokinsu, Ostireliya ta shekara 11 tana ƙin karɓa. Aka mai da fara aikinta baya zuwa 3 ga Satumban 1939. Amma Curtin ɗin nan shi ya nemi ƙanin Sarkin Ingila, Duke na Gloucester, ya zama Gwamna Janar, kuma a 1944 ya je Landan yana neman a ƙarfafa tsarin shawara na daular. A shekarun 1950 Ostireliya ta ba Birtaniya filin gwajin makaman nukiliya a Montebello da Maralinga. Abin da ya canja shi ne tsaro: a 1951 ta ƙulla yarjejeniyar ANZUS da Amurka da Niyu Zilan, Birtaniya ta nemi ko kujerar ɗan kallo a tarukan, ba a ba ta ba.

Shekara 50 bayan faɗuwar, a Fabrairun 1992, Firaminista Paul Keating ya miƙe a majalisa ya zargi Birtaniya da ƙin tsare Malaya, da rashin damuwa da Singafo, da ƙin dawo musu da sojojinsu, jaridun Landan suka yi masa ca. Ba a daɗe ba aka buɗe wani rahoton sirri na 1942 da ya fito daga ofishin Wavell, wanda ya ɗora wa sojojin Ostireliya alhakin faɗuwar tsibirin. Tsofaffin sojojin Runduna ta 8 da suka tsira daga sansanin fursuna na Changi da aikin layin dogo suna raye a lokacin, kuma a jarida suka karanta shi.